Gona Nawa Iri Yake Ci? Lissafin Da Ya Kamata Matasan Ƙasar Gumel Su Yi Kafin Ruwa Ya Sauka

Ina gaida iyayenmu manoma, ina gaida 'yan uwana matasa maza da mata, na Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka, mutanen Dungas da Magarya da suke bibiyarmu. Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Yau maganar iri za mu yi. Tambayar da na zo da ita ita ce: a cikin gonakin da muke nomawa, nawa ne ya kamata a ware don noman iri kaɗai? Wani zai ce wannan tambayar malaman gona ce. Ni kuwa na ce tambayar duk wanda yake cin tuwo ce. Kuma in matasa suka gane amsarta, za su ga cewa akwai wata sana'a a gabanmu da ba ta buƙatar gandu mai faɗi.

Mu fara da bambance abu biyu. Hatsi daban, iri daban. Hatsi shi ne wanda ka auno a kasuwar Alhamis don a kai inji. Babu wanda ya tambayi wace gona ya fito, buhu ɗaya yana iya zama haɗin gonaki biyar. Iri kuwa hatsi ne mai asali: an san sunansa, an san iyayensa, an san kwanakin da yake yi kafin ya nuna, an gwada an ga yana tsirowa. Matsalarmu ita ce, da yawa daga cikinmu in bazara ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai a cinye har abin da aka ajiye don shuka. In hadari ya fara haɗuwa sai a ruga kasuwa a auno hatsi a zuba a ƙasa da sunan iri. A nan arewacin Jigawa daminarmu gajera ce, wata uku ne zuwa huɗu. Wanda ya shuka abin da bai tsiro ba, ko abin da yake buƙatar kwanaki fiye da waɗanda ruwanmu yake yi, ba kuɗin iri kaɗai ya yi asara ba, shekarar ce ta tafi.

To yanzu ku ɗauko biro da takarda, lissafi za mu yi. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance, kusan eka biyu da rabi kenan. Kwano ɗaya mu ɗauke shi kilo biyu da rabi, kwano 40 buhu ɗaya, kilo 100. Alƙaluman da zan kawo kimantawa ce irin wadda malaman gona suke aiki da ita, tana iya ɗan hawa ko sauka gwargwadon ƙasa da taki da ruwa.

Gero: hekta ɗaya tana cin iri kamar kilo 5, wato kwano biyu. Gonar iri da aka kula da ita, aka ba ta taki, tana iya ba da buhu goma na tsabtataccen iri, kilo 1,000. Raba 1,000 da 5, ka samu 200. Ma'ana hekta ɗaya ta irin gero tana shuka hekta 200. Na san wani zai ce, malam, a wannan rairayin namu wa yake samun buhu goma? To mu raba biyu, a ce buhu biyar ka samu. Har yanzu hektarka ɗaya tana shuka hekta 100.

Riɗi: kamar kilo 4 a hekta. In ka samu kilo 500, ka shuka hekta 125 kenan.

Wake: kamar kilo 25 a hekta, kwano goma. In ka samu kilo 800, hekta 32 kenan.

Gyaɗa, a nan ne gizo yake saƙar. Hekta ɗaya tana cin kamar kilo 80 na ɓararriyar gyaɗa. In ka samu kilo 800, hekta goma kawai za ka shuka. Kun ga bambancin? Gero ɗaya ya haifi 200, gyaɗa ɗaya ta haifi goma.

Alkamar da 'yan uwanmu suke yi da rani a kwarin Haɗeja ita ma mai cin iri ce, kilo 100 ko fiye a hekta. In an samu tan uku, hekta 30 kenan.

Yanzu mu ɗauki misalin wani gari mai gonaki hekta 1,000. A ce 500 gero ne, 200 riɗi, 200 wake, 100 gyaɗa. Irin gero zai ci hekta biyu da rabi. Irin riɗi bai kai hekta biyu ba. Irin wake hekta shida da ɗan ɗoriya. Irin gyaɗa hekta goma. In ka haɗa, kusan hekta 20 ne a cikin 1,000, wato kashi 2 cikin 100. Kuma ku lura, rabin wannan filin gyaɗa ce ta cinye shi, alhali ita ce mafi ƙanƙanta a garin. Sannan ba dole ne manomi ya sayi sabon iri kowace shekara ba. Irin da ba na aure ba, in ka iya zaɓe da ajiya, kana iya maimaita shi damina biyu ko uku kafin ka sabunta. In kowa yana sabuntawa duk shekara uku, hekta bakwai ma ta ishi garin a shekara. Kuma mu da muke haɗa gero da wake a gona ɗaya, irin da muke zubawa na kowanne bai ma kai wanda na lissafa ba.

Wannan lissafin yana bayyana mana wani abu. Me ya sa irin gyaɗa mai kyau ya fi kowanne wahalar samu da tsada? Saboda yana hayayyafa a hankali, yana da nauyin ɗauka, kuma in an ɓare shi ba ya jure dogon ajiya a zafi. Iyayenmu sun ga lokacin dalar gyaɗa a Kano. Fari na farkon shekarun 1970 ya zo, sannan a 1975 annobar cutar nan da take ƙanƙance gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, ta share gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa farfaɗowa ta yi wuya shi ne wannan: in irin gyaɗa ya ɓace, mayar da shi aikin shekaru ne.

To daga ina ingantaccen iri yake fitowa? Matakai uku ne. Na farko irin masana, wanda cibiyar bincike take riƙe da shi, ɗan kaɗan ne. Na biyu irin tushe, wanda ake samu in an hayayyafa na masana. Na uku tantataccen iri, wanda ake samu daga irin tushe, shi ne ake sayar wa manomi. A Nijeriya an raba aikin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wato IAR, ita take da dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Shi ya sa za ku ji sunaye kamar SAMSORG, SAMPEA da SAMNUT. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita take da gero da alkama. Cibiyar Badeggi ta Jihar Neja ita take da shinkafa da riɗi, irin su NCRIBEN. Akwai kuma cibiyoyin ƙasa da ƙasa guda biyu masu ofisoshi a Kano, ICRISAT da IITA. Geron SOSAT da yawancinku kuka sani, an fitar da shi a Nijeriya a shekarar 2000, yana nuna a kusan kwana 90, daga baya aka kawo Super SOSAT. Gyaɗar SAMNUT 24 an fitar da ita a 2011, ita ma mai saurin nuna ce. Akwai wake SAMPEA 14 da SAMPEA 15 masu jure ƙuduji.

Ku ji yadda matakan nan suke aiki. Kwano ɗaya na irin masana na gero yana shuka rabin hekta. Rabin hektar ta ba da kilo 500 na irin tushe. Kilo 500 ya shuka hekta 100. Hekta 100 ta ba da tan 100 na tantataccen iri. Tan 100 kuwa ya shuka hekta 20,000. Daga kwano ɗaya fa, a damina ta uku. Amma ku riƙe ɗaya gefen maganar: yadda alheri yake ninkuwa haka kuskure yake ninkuwa. In aka yi sakaci a rabin hektar farko, bare ya shiga, dubban manoma ne za su girbi sakacin. Shi ya sa noman iri aikin amana ne.

Yauwa, yanzu mu zo inda lissafin yake da ƙulli. Na ce iri ba ya cin fili, amma akwai filin da yake ci a ɓoye, wato tazara. Gero amfani ne da iska take yi wa barbara. In ya yi bununi, iska tana kwasar garin daga wannan gona zuwa waccan. In ka shuka SOSAT, maƙwabcinka ya shuka zango ko wani geron gida, abin da za ka girba gauraye ne. A ido zai yi kyau, za a ci a ƙoshi, amma ba za a kira shi SOSAT ba. Don haka ƙa'ida ta ce a bar tazara tsakanin gonar irin gero da kowace gonar gero ta daban, daga kamar mita 200 zuwa 400, irin tushe ma har fiye da haka. Dawa ma tana son tazara mai ɗan yawa, riɗi kamar mita 50 zuwa 100. Wake da gyaɗa kuwa kansu suke yi wa barbara, 'yan mitoci kaɗan sun isa, don dai kada su cakuɗe wajen girbi.

Mu auna. Gonarka hekta ɗaya ce, mita 100 kowane gefe. Ka ƙara mita 200 gabas, yamma, kudu da arewa. Filin ya koma mita 500 kowane gefe, hekta 25 kenan. Ma'ana don ka fitar da irin gero a hekta ɗaya, sai hekta 24 da suke kewaye da kai ba su da wani gero daban. A ƙasar Gumel, inda ko'ina ka waiga gero ne, ina za ka samu haka kai kaɗai? Amma ku duba: in mutum tara masu gonaki a jere suka haɗa kai, filin ya zama mita 300 kowane gefe, hekta tara. Ka ƙara tazarar, ya zama mita 700 kowane gefe, hekta 49. Ɗazu hekta ɗaya ta ɗaure 25, yanzu kowace hekta ba ta ɗaure fiye da biyar da rabi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan lissafi ne ma ya faɗa.

Kuma tazarar nan ba wai a bar fili ya kwanta ba ne. Maƙwabta suna iya shuka wake, gyaɗa, riɗi ko zoɓo a wurin, duk ba su hana komai ba. Ko kuma a ba su irin nan ɗaya su shuka, sai a ɗauki na tsakiya a matsayin iri, na gefe a ci. Ko a bambanta lokacin shuka yadda bununin ba zai haɗu ba, duk da cewa gajeriyar daminarmu ba ta ba da sarari sosai. Wanda yake da rijiyar burtsatse yana iya yi da rani, lokacin babu gero a ko'ina, sai dai ya shirya wa tsuntsaye. Kun ga ashe abin da noman iri ya fi buƙata shi ne yardar maƙwabci da bakin mai unguwa.

Wannan ya kawo ni maganar fili, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa a nan ya san batun hekta 12,000 da gwamnatin Jigawa ta ware wa kamfanin Lee don noman rake a yankin Gagarawa da ƙananan hukumomin da suke maƙwabtaka da ita, da yadda manoma da yawa suka nuna ƙin yarda har maganar ta kai kotu. Ba shari'ar zan sake ba, ma'auni nake so mu ɗauka. Hekta 12,000 in da irin gero aka noma a kanta, a lissafinmu na ɗaya ya haifi 200, zai shuka hekta miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Wannan ya fi faɗin Jihar Jigawa gaba ɗayanta, har da garuruwa da hanyoyi da dazuzzuka. To duk ranar da wani ya zo ya ce yana buƙatar dubban hektoci a karɓe daga hannun talakawa don ya samar mana da iri, ku ce ya zauna a yi lissafi. Kamfanonin iri da yawa ma ba su da manyan gonaki. Abin da suke yi shi ne su ba ƙananan manoma irin tushe su noma musu a gonakinsu, su dawo su saya. Gona tana hannun mai ita, iri yana fita.

To me ake yi a gonar iri wanda ba a yi a gonar hatsi?

Na ɗaya, tarihin gonar. Kada ka shuka irin gero inda aka yi gero bara, domin wanda ya zube zai tsiro ya shiga cikin naka. Gonar da ƙuduji ya yi wa katutu ma a kauce mata.

Na biyu, asalin abin da ka shuka. Ka nemi irin tushe daga cibiyar bincike ko kamfani mai rajista, ka ajiye rasit da takardar jikin buhun.

Na uku, shi kaɗai za ka shuka a gonar, a layi, ba a gauraya da wani abu ba.

Na huɗu, cire bare. Wannan ne aikin da yake da ciwo. Ka zagaya gonar kafin a yi bununi, duk tsiron da ya fi 'yan uwansa tsawo, ko ya riga su fitar da kai, ko kamanninsa suka bambanta, ko shibra ce, ko yana da cuta, ka tumɓuke shi. Ko da ya fi kowanne kyau. Dattijo zai wuce ya ce yaron nan ya zautu, yana cire gero mai kyau. Ka gaishe shi da ladabi, ka yi masa bayani, ka ci gaba da aikinka.

Na biyar, girbi da sussuka a keɓe. A shimfiɗa tamfol, kada a yi a masussukar gari inda hatsin kowa yake zuba. In inji za a kira, a share cikinsa tukuna.

Na shida, busarwa da ajiya. Iri ya bushe sosai kafin a ɗure shi. Wake a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari za su mutu ba tare da an zuba magani ba. Gyaɗa a bar ta cikin kwansonta sai dab da shuka. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya kwana a ɗakin kwano mai zafi wata da watanni.

Na bakwai, gwajin tsiro. Wannan kowa yana iya yi, ko da iri ka saya ko naka ne na gida. Ƙirga ƙwaya 100, ka jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe ka ƙirga. In 80 ko fiye sun tsiro, alhamdu lillahi. In 60 ne, sai ka ƙara yawan abin da za ka zuba a rami. In bai kai rabi ba, ka kai shi inji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙwaya ɗari ce za ta cece ka daga asarar damina.

Sai maganar doka. Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, NASC, ita take da alhakin yi wa masu sana'ar iri rajista, da tura jami'ai su duba gona, da gwada irin, da ba da takardar shaida. An sabunta dokarta a 2019, kuma ta tanadi tara mai nauyi har da ɗauri ga mai sayar da jabun iri. Hukumar ta kawo wani tsari mai suna SeedCodex: akwai wuri a jikin takardar buhun da za ka kankare kamar katin waya, ka tura lambar, a gaya maka ko na gaske ne. Don Allah ku riƙa dubawa. Launin ja ko kore a jikin ƙwaya ba shaida ba ce, kowa yana iya auno hatsi ya shafa masa kala ya zuba a leda mai hoto. Araha ba ta ado. Kuma ku lura, irin da aka wanke da magani guba ne, ba a ci, ba a ba dabba.

Ku san kuma bambancin iri mai aure da wanda ba na aure ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a wurin iri mai aure, kamar masarar da kamfanoni suke sayarwa, hakan tana faruwa. Shekarar farko ya ba da mamaki, in ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa sai su rarrabu, amfanin ya ragu. Shi dole duk shekara a sayi sabo. SOSAT da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT ba haka suke ba, ana maimaita su. Ka tambaya kafin ka biya.

Kada kuma wani ya fahimce ni cewa irin gida ba shi da daraja. Iyayenmu da suke shiga gona kafin girbi su zaɓi zangarniya mai kyau, su ɗaure ta daban, su rataye, su ma masana iri ne. Zango da maiwa da kaura da farafara sun daɗe suna jure rairayinmu da farinmu, karansu yana yin danga da abincin dabba. Cibiyoyin bincike ma daga irin gida suke ɗauko abin da suke ingantawa. Mai hankali ya riƙe biyun: sabon iri mai saurin nuna a wani ɓangare, na gado a wani ɓangare. In wannan ya ƙi, wancan ya yi.

Mu leƙa tsallaken iyaka mu ga darasi. A Nijar cibiyar bincikensu INRAN ta daɗe da fitar da gero irin HKP, wanda ya bazu a ƙasar. A jihar Maraɗi akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma mai suna FUMA Gaskiya, wadda 'ya'yanta suke noma iri su kuma sayar. Ɗaya daga cikin dabarun da suka yi tasiri a can ita ce ƙulla iri a ƙananan ledoji, yadda mai ɗan kuɗi kaɗan zai saya ya gwada a gefen gonarsa. Gani ya kori ji. Mu da su ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, iri yana tsallaka iyaka a kan babur kowace Alhamis. Amma mun ga rufe iyaka a 2019, mun sake gani a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Garin da irinsa yake hannun wasu, ko a Kano ko a Damagaram, ranar da hanya ta toshe shukarsa ta toshe.

Yanzu 'yan uwana matasa, ba zan yi muku romon baka ba. Noman iri yana da haɗari. Kuɗinka zai kwanta daga kaka har zuwa faɗuwar ruwa, wata shida ko bakwai, alhali mai hatsi ya sayar tun ranar sussuka. Jami'i yana iya zuwa ya ce gonar ba ta cika ƙa'ida ba, sai ka sayar a farashin hatsi bayan ka yi wahalar iri. Wanda ya yi alkawarin saye yana iya ɓacewa. Kuma ku tuna lissafin gero: in hekta ɗaya tana shuka 200, to mutum goma a gari ɗaya suka yi irin gero, kasuwa ta cika. Shi ya sa nake ba da shawara, mai ƙaramar gona ya fara da wake ko gyaɗa. Ba su buƙatar tazara mai yawa, ana cin irinsu da yawa don haka ana nemansu da yawa, ga harawa a samu ta dabbobi, kuma in irin bai shiga ba, hatsin ma yana da kuɗi. Riɗi ma akwai dama, domin masu fitar da shi waje suna son fari tas mai launi ɗaya, gauraye yana karya farashi. Gero kuwa a bar shi ga ƙungiya mai gonaki a jere. Kuma duk wanda zai noma wa kamfani, a rubuta yarjejeniya: farashi, ranar ɗauka, ranar biya, da abin da zai faru in an ƙi gonar. A yi a gaban shaidu. Tun ran gini ran zane.

'Yan uwanmu mata, wannan sana'ar taku ce ku ma. Tsince iri, sheƙa, gwajin tsiro, ƙullawa a leda, ajiya, duk ayyuka ne da ake yi a tsakar gida, kuma su ne rabin ingancin iri. Ƙungiyar da ba ta sa mata a lissafin riba ba ta cuci kanta.

Ga shugabanninmu kuwa, buƙatunmu ba su da yawa. Shugabannin ƙananan hukumomi huɗun nan, da hukumar JARDA, da kamfanin JASCO: duk irin da za a raba ko a sayar da rangwame ya iso kafin ruwan farko. Mutanenmu da yawa binne suke yi tun ƙasa tana bushe, irin da ya zo bayan an yi noman farko ba shi da amfani a wannan shekarar. A taimaka wa ƙungiyoyin matasa su samu irin tushe da rajistar NASC. A ƙara malaman gona da za su riƙa shiga ƙauyuka. In gwamnati za ta sayi iri, ta fara duba wanda aka noma a nan aka tantance. Iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, ku taimaka wajen sasanta maƙwabta kan tazara, da kuma tsare burtali, domin gonar iri da garke ya shiga asarar gari ce, makiyayin da aka toshe wa hanya shi ma an zalunce shi.

Aikin wannan makon guda uku ne. Na farko, kowa ya yi gwajin ƙwaya ɗari a kan abin da yake shirin shukawa, ya rubuto mana nawa suka tsiro da sunan garinsa. Na biyu, ku zauna da abokanku ku kimanta hektocin garinku, ku yi lissafin da muka yi, ku ga hekta nawa ta ishe ku iri. Na uku, ku je wurin dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya ku tambayi sunayen irin gero da dawa da wake da ake shukawa a da, ku rubuta, ku bincika wanne ne har yanzu yake hannun wani.

Ku tura wa wanda kuka san zai amfana, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona, ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.